Shekara Shida Ina Shiga Gaban Surukina A Kogi

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar surukina, mahaifin matata Rabi, wanda mutanenmu na garin Upper Marlboro suka fi sani da Injiniya. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kama sunan nan da bakina yana raye ba, ba kuwa zan fara a shafin jarida ba don ƙasa ta rufe masa ido. Baba nake ce masa, haka zan ci gaba da kiransa a nan. Duk shekara idan watan nan ya kama, 'ya'yansa kan taru a yi sauka, a dafa abinci, a tuna alherinsa. Ni ma ina zama cikinsu, amma da wani nauyi a raina wanda su ba su da shi. Na yi wa mutumin nan laifi shekara shida a jere, a wurin da ya fi ƙauna a duniya, ban kuma san laifi ba ne sai bayan an binne shi. Tun daga nan tambaya ɗaya ke cina: ya tafi yana riƙe da ni, ko ya yafe?

Baba Bazazzagi ne. Ya zo ƙasar nan karatu tun zamanin da ake aika wasiƙa gida a jira amsa wata biyu, ya kuma ƙare aikinsa yana duba lafiyar gadoji. Kafin ya yi ritaya bai san kifi ba sai busasshe a cikin miyar kuka. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi kogin Gunpowder da ke arewa da Baltimore, ya koya masa irin fatsar da ake yi ba tare da tana ko tsutsa ba. Gashin tsuntsu ake ɗaurewa da zare a jikin ƙugiya, a mai da ita kamar ƙwaro ko ɗan mitsitsin kifi, a yaudari na cikin ruwa da ita. A can ya fara kama trout, kifin ruwan sanyi mai ɗigo-ɗigo a jiki. Da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo sai ya koma wa doguwar sandar nan da ake riƙewa da hannu biyu, mai tsawon ƙafa goma sha uku. Da ita ba a wahalar da kafaɗa. Ƙugu ake juyawa, hannun ƙasa ya ja, igiya ta tashi daga kan ruwa ta miƙe har tsakiyar kogi.

Abin ya shiga ransa fiye da yadda kowa ya zata. Idan yamma ta yi za ka gan shi a filin bayan gida da hula da jamfa, yana ta wurga igiya a kan ciyawa, maƙwabta 'yan gida Najeriya na leƙowa ta katanga suna tambaya ko yau ciyawa ta ba da kifi. Idan an je gona sayen zabbi don Sallah, kowa nama yake dubawa, shi kuwa gashi. Zai tsaya a kan mai fiɗa ya tsince masu kyawun zane ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su, ya shanya a kan jarida a garejin mota. Hajiya, wato matarsa, ta sha cewa ita dai ba ta taɓa ganin masunci irin mijinta ba: ya ƙona mai, ya sha sanyi, ya kama kifi, ya duba shi kamar mai duba jariri, sannan ya mai da shi ruwa ya dawo mata hannu rabbana.

Amma trout bai ishe shi ba. Akwai wani ɗan'uwansa babba da ake kira steelhead, wanda Baba ya raɗa wa suna kan-ƙarfe. Shi wannan a babban ruwa yake girma, sai kaka ta yi sanyi ya fara sannan ya hauro koguna. Babu shi a nan kusa da mu. Sai an yi tafiyar awa shida ko bakwai zuwa kogunan da ke zuba cikin tafkin Erie. Akwai hanyoyin kama shi masu sauƙi, kuma yawancin masu zuwa can su suke bi. Baba ya ce shi ba ya so. Shi dai da doguwar sanda da gashin zabon da ya ɗaura da hannunsa yake so ya kama guda ɗaya tak kafin ya mutu. Ya faɗi haka a gabana sau ɗaya, yana magana da Hajiya, ba da ni ba.

Yadda na shiga lamarin ba don sha'awa ba ne. Likita ya hana shi doguwar tuƙi shi kaɗai saboda zuciyarsa, 'ya'yansa huɗu duk mata ne kuma babu mai ra'ayin tsayuwa cikin ruwan ƙanƙara, sai Rabi ta ce ai ga mijinta. Ni Bakano ne, ina aikin ba da magani a wani kemis a Clinton. Da a ce ba surukuta tsakaninmu, da Bakano da Bazazzagi a mota ɗaya na awa shida ai sai wanda haƙarƙarinsa ya fara ciwo don dariya. Amma surukuta ta rufe wannan ƙofa. Mukan tashi bayan sallar asuba, in gaishe shi a durƙushe, ya amsa yana kallon gefe, daga nan sai karatun Alƙur'ani a rediyon mota har mu isa. Idan lokacin cin abinci ya yi, shi ya zauna a kan dutse da kwanonsa, ni in koma bayan mota da nawa. Yaran da aka haifa a nan ba za su gane wannan ba, za su ɗauka gaba muke yi. Wallahi ban taɓa jin daɗin shirun wani mutum kamar nasa ba.

Shi ya saya mini wandon robar nan mai kaiwa ƙirji, ya ba ni tsohuwar sandarsa, ya koya mini wurgi a filin bayan gida da kalmomin da ba su wuce goma ba. Sauran duk da ido na koya. Tsarin kamun kuwa mai sauƙin faɗi ne. Mutum ya sami gurbin da kifi ke kwanciya, ya tsaya cikin ruwa, ya wurga igiya ƙetaren kogi, ya bar ruwa ya kwaso ƙugiyar a hankali har ta dawo saitinsa ta ƙasa. Idan ba abin da ya taɓa, ya yi taku biyu ya gangara, ya sake wurgawa. Haka zai yi ta yi har ya kai ƙarshen gurbin.

Ranar farko da muka isa bakin kogi, Baba ya shiga ruwa daga saman gurbin, ni kuma na tsaya a kan tsakuwa ina tunanin inda ya dace in tsaya. Ban daɗe ina tunani ba, don amsar tana jikina tun ina yaro. A rafin ƙauyenmu ko wanki za a yi ko wanka ko shayar da dabbobi, babba ne a sama, yaro a ƙasa. Ba a tsaya wa babba ta inda ruwa ke zuwa masa, don kada dattin ƙafarka da laka su gangaro kansa. Na tuna marin da wani kawuna ya taɓa yi mini a kan wannan. Saboda haka na zagaya ta bakin gaɓa, na yi nisa kamar taku talatin ƙasa da Baba, na shiga ruwa ina jin na yi ladabi. Na ɗaga murya na ce, “Baba, nan ya yi?” Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, “Bismillah.”

Haka muka yi kaka shida. Kowane gurbi muka je, shi sama, ni ƙasa. A cikin shekarun nan na kama kan-ƙarfe uku. Baba bai kama ko ɗaya ba. Duk wanda ya san kifin nan ya san yadda yake ɗaukar ƙugiya: igiya ta yi nauyi farat ɗaya, sanda ta lanƙwashe, kifin ya yi sama fari fat kamar sabuwar tasa, ya faɗo ya ja da gudu. Duk sau ukun Baba ne ya ajiye sandarsa ya gangaro da sauri irin na dattijo, ya kama mini wutsiyar kifin, ya zare ƙugiya, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo ya tafi. Na uku shi ne mafi girma, ya kai tsawon hannuna daga kafaɗa. Kunya ta kama ni, na ce, “Baba, sa'ar mai koyo ce kawai.” Ya wanke hannunsa ya ce, “Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.” Na ɗauka yana taya ni murna ne, kuma har yau ina ganin akwai murnar a ciki.

Ya rasu da bazara, rana tsaka, ina wurin aiki. Ya dawo daga masallaci ya ce wa Hajiya ƙirjinsa na masa nauyi, kafin motar asibiti ta kai shi rai ya yi halinsa. Ba a yi jinya ba, balle a zauna a yafi juna kamar yadda aka saba. A lokacin wannan bai dame ni ba, don a sanina ni da Baba babu komai sai alheri. Hajiya ta ba ni doguwar sandarsa a cikin kubenta, ta ce ya fi dacewa da ni.

Shekara biyu bayan haka kewarsa ta ishe ni, na ɗauki sandar na tafi kogin ni kaɗai. Na tarar da wani dattijon Bature a gurbin da muka fi so, mai farin gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ɗaga masa hannu, na zagaya ƙasa da shi yadda na saba, na shiga ruwa. Ban gama warware igiya ba na ji ihu a bayana. Mutumin nan ya zazzaga mini maganar da ba zan iya maimaita ta a jarida ba. Na fito ina ba shi haƙuri, ina cewa ban san abin da na yi ba. Da ya ga da gaske nake sai ya huce, ya fito shi ma, ya zauna a kan gungume ya yi mini bayani kamar mai koya wa ɗan firamare.

Ya ce, “Kowa gangarawa yake yi, ko ba haka ba? To wanda ke ƙasa shi ke fara nuna wa kifi ƙugiya. Kifin da ke da niyyar ci, shi zai samu. Wanda bai ci ba kuma ya riga ya tsorata. Na sama ragowa yake bi. In ka tarar da mutum a gurbi, bayansa ake shiga, ta sama. Shiga ta ƙasansa shi ne mafi munin abin da za ka yi wa mutum a kogi. Wa ya koya maka kamun nan bai gaya maka ba?”

Na zauna a kan tsakuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ranar na gane akwai sanin da ya fi rashin sanin ciwo. Na shiga tuno gurbi bayan gurbi, shekara bayan shekara. Kifayen nan uku da na yi ta ba da labarinsu a wurin suna da ɗaurin aure, kowannensu yana kwance ne a kan hanyar Baba. Da na tsaya inda ya kamata, gashin zabonsa ne zai fara wucewa ta gabansu. Dattijo mai ciwon zuciya ya yi tafiyar awa shida, ya tsaya cikin ruwan da ke sa ƙashi ciwo, don abu ɗaya da ya roƙa wa kansa a tsufansa, ni kuma ina gabansa ina kwashewa, ina jin kaina mai tarbiyya. A duk tafiye-tafiyen nan, a sallah kaɗai ya taɓa kasancewa gabana. Na naɗe igiyar na kamo hanyar gida a ranar.

Shekara biyar na yi ban gaya wa kowa ba, har Rabi. Nakan kwanta in yi ta juya abin. Wani lokaci in ce ai laifinsa ne da bai faɗa ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wani lokaci in ce laifina ne, matambayi ba ya ɓata, ni kuwa tambaya ɗaya na yi a shekara shida, ita ma bayan na riga na shiga ruwa. Na san Baba ya san ƙa'idar, don mutum ne da ko tukunyar shinkafa ya saya sai ya karanta takardarta daga farko har ƙarshe. Abin da ban sani ba shi ne me ke cikin shirun nan da ya yi kafin ya ce bismillah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Yanzu duk ƙa'idar kogi tana cikin waya, minti biyu ya isa wani saurayi mai tabarau ya karanta maka ita, da irin kuskurena ba zai kwana ba. Ina jin wannan zai burge shi, don yana son abu a tsare. Abin da ba zai burge shi ba shi ne masu ɗaga kifi sama su yi ta juya shi a gaban kyamara har numfashinsa ya kusa ƙarewa. Jikokinsa kuwa, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, su ba su san wani abu wai shi kara ba. Babbar 'yata idan na yi kuskure a take za ta gaya mini a gaban kowa, ko ƙifta ido ba ta yi. Nakan ji haushi, amma nakan ce da Baba yana da rabin bakin yarinyar nan da ya kama kifinsa. Sai kuma in tuna yadda yake kallonta tana ƙarama tana musu da shi, yana murmushi a ɓoye, in rasa wanne daga cikin halayen biyu zai zaɓa wa zuriyarsa.

A bana Hajiya ta yanke shawarar komawa Zariya wurin 'yan'uwanta, aka ce in zo in kwashe kayan gareji. Ran nan da hantsi ina tsugune gaban akwatunansa, ga gashin zabo a ledoji kowace da rubutun hannunsa, sai ta fito ta zauna a kujerar roba tana kallona. Na ga idan ta hau jirgi, mutum na ƙarshe da zai iya ba ni amsa ya tafi. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, ban dubi fuskarta ba. Da na gama sai na ji tana dariya, irin dariyar da ke ƙarewa da share ido da gefen mayafi.

Ta ce, “Ikon Allah. Sai yanzu ka sani? Ni ai tun tafiyarku ta farko na sani. Ya shigo yana cire takalmi yana ƙunƙuni, wai Bakanon nan ya shiga gabansa. Kowace shekara sai na sha wannan ƙunƙunin. Shekarar da ka kama babban nan, kwana biyu yana tura tuwo gefe.”

Na ce, “Hajiya, to me ya hana shi gaya mini?”

“Na ce masa ya faɗa mana, ko ya bari in sa Rabi ta faɗa. Ya ce kada in kuskura. Ya ce, ke ba ki san yaron nan ba. Girmama ni yake yi. Ranar da ya gane abin da yake yi, kunya za ta sa ya dinga kawo ni bakin ruwa ya koma mota ya zauna. Ni kuwa ba direba na rasa ba.”

Da ƙyar na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, na ce ko ta taɓa ji ya ce ya yafe mini. Hajiya ba ta iya ƙarya don ta faranta wa mutum rai, shi ya sa na ji tsoron amsarta.

Ta ce, “Ban taɓa ji ya faɗa da bakinsa ba, ba zan ce maka na ji ba. Abin da na sani, duk shekara ganye bai gama ja ba zai fara damuna, wai in tambayi Rabi ko mijinta zai sami hutu bana. Har shekarar da ya rasu, tun sanyi bai fita ba ya fara ɗaura ƙugiyoyin kaka. Kashi biyu ya raba su.”

Wannan ita ce amsar da na samu, ba kuma zan sami wadda ta fi ta ba sai ranar da muka haɗu. Idan aka tambaye ni me Baba ya bari, mutane za su ce gadojin da ya duba, da 'ya'ya huɗu masu hankali, da sunan da ba a taɓa jinsa cikin rigima ba. Duk gaskiya ne. Ni abin da ya bar mini daban ne. Na ga mutumin da ke jin haushi kamar kowa, yana ƙunƙuni, yana ture tuwo, amma duk kaka sai ya auna burinsa da mutuncina ya ajiye burin. Kalma biyar ta isa ta ba shi kifinsa, ya haɗiye ta sau shida. Ina ƙaunarsa yau fiye da yadda na ƙaunace shi yana raye, kuma ina jin ciwon cewa bai ji wannan daga bakina ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa, ni ma ya yafe mini abin da na tauye masa. Abin da ya fi taɓa ni a maganar Hajiya shi ne hasashen da Baba ya yi a kaina bai yi kuskure ba ko kaɗan. Tun ranar da dattijon Baturen nan ya yi mini bayani, shekara biyar ke nan, ban sake sa ƙafata cikin kogi ba. Sau biyu na yi tafiyar har can, na tsaya a bakin hanya ina kallon ruwan, ban iya fita daga mota ba.